Tarwaɗa Biyu a Ƙarƙashin Hula

Da sunan Wanda ya shimfiɗa ruwa ya zuba masa rai, ya yi wa wani kifi ɓawo ya bar wani tsirara, ya ba wani haƙori ya ba wani gashin baki. Ku matso, ku mazauna bakin gaɓa, da ku da ba ku san kifi ba sai a cikin miya, ku ji zaluncin da aka yi mini, ni Mantau ɗan Arzika na Gungun Tsamiya, wanda ya jefa ƙugiya a ruwa arba'in da ɗaya, wanda kuma har yau ba a haifi mai kyan tsayuwarsa a kan kwalekwale ba.

Tun da aka fara cutar ɗan Adam ban ji an yi wa wani irin tawa ba. Ranar Laraba wani farke ya sauka garinmu, aka ce daga ƙasar Wulmi ya fito. Na sa babbar rigata, na shafa turare, na je na zauna gabansa, na gyara murya na ce, "Yaya ake ambatona a can?" Ya ce, "Kai ne wa?" Na faɗa masa, har da sunan ubana. Ya ce wata shida ya yi a Wulmi, ya ci kasuwarsu ya sha hirarsu, bai taɓa jin wannan suna ba. Na ce ko a zagi? Ya ce ko a zagi.

Kwana uku ban ci tuwo ba, sai fura, ita ma don kada iyali su damu. Na je wurin alƙali zan kai ƙarar ƙasa guda, ya ce in kawo ta ta tsaya gabansa. Ni da na canza abin da ke cikin tukunyar kowace mace a ƙasar nan, a ce ko karen gida ba a sa wa sunana ba. To, tunda alƙali ya ƙi, ku za ku yi hukuncin.

Na bar gida ina da shekara arba'in da biyu, shekarar da aka naɗa Sarkin Ruwa aka tsallake ni. Na rantse ba zan dawo ba sai na ja kowane irin kifi da Allah ya sa a ruwan daɗi. Na ɗauki sandar fatsa, da ƙugiyoyi, da gorata cike da ruwan sha. A cikin gorar na jefa 'yan tarwaɗa biyu, kowace ba ta fi yatsa ba, kamar dai yadda muke jefa su a rijiya su cinye ƙwari ruwa ya zauna lafiya. Na sa musu suna Ango da Amarya. Mai tafiya shi kaɗai yana son wanda zai yi wa magana, su kuwa ba sa katse mutum.

Na fara isa Kogin Madubi, inda ruwa ya yi garau har kifi yana kallon mai fatsa ido cikin ido. Kifin can ba ya cin ƙugiya muddin ana dubansa, don haka masuntansu baya suke juya wa kogi, su jefa zare ta kan kafaɗa, su yi ta jira suna kallon daji. Na sa rigata gaba a baya, na jawo hula ta rufe fuskata, na huda ta wuri biyu. Kifi ya ɗauka ƙeyata yake gani. Kafin azahar na ja arba'in, kafin la'asar mutanen gari sun gane, kafin magariba na yi gudun da ban san ina da shi ba.

Daga nan na faɗa ƙasar da ruwa ke daskarewa ya zama dutse, har jakuna na tafiya a kansa da kaya. Rami suke hudawa, su zura zare, su jawo wani kifi mai dogon baki irin na kada. Gorata a cikin riga na ɓoye ta, a kan cikina, don kada Ango da Amarya su sandare. Ranar farko na sunkuya in leƙa ramin, gemuna ya taɓa ruwa, ya manne. Na yi ta kira ba mai ji. Da wuƙa na ƙwaci kaina. Rabin gemuna yana can har yanzu, in wani cikinku ya bi ta wurin ya gaishe shi.

Bayan shekara guda ina tafe, na iso Wulmi. Tafki ne guda ɗaya, duwatsu sun kewaye shi, ba hanyar shiga sai wata ƙofa tsakanin tsauni biyu. A ƙofar nan masu tsaro suke zubar da duk ruwan da baƙo ya kawo, a kan wani falalen dutse mai zafi. Su kankare laka daga takalminsa, su kakkaɓe rigarsa. Na ji ana faɗa wa na gabana, da harshen fatake wanda na tsinta a hanya, cewa ba abin da ke shiga tafkinsu sai abin da aka halitta a cikinsa.

Ku da kuka san tarwaɗa kun san ba ta mutuwa da wuri don an fitar da ita daga ruwa. Na koma bayan wani dutse, na jiƙa tsumma, na naɗe su biyun, na ɗora a kaina, na kifa hula. A lokacin kowace ta kai tsawon tafin hannu. Aka zubar da ruwan gorata, aka kankare takalmina. Sai aka ce in tsaya in jira mai masauki, don baƙo ba ya shiga sai wani magidanci ya ɗauke shi.

Ina tsaye hula ta fara motsi. Mai tsaro ya zuba mata ido. Na shiga kaɗa kai hagu da dama, na ce haka muke gaida manya a garinmu. Ya kaɗa mini nasa. A nan ne Ango ya buɗe ƙayarsa ya soka mini a tsakar ka. Ban yi ƙara ba, amma hawaye suka ɓalle, daidai lokacin da nake fuskantar tafkin.

Wani dattijo siriri yana wucewa da sandar fatsa a kafaɗa. Ya tsaya ya dube ni, ya dubi inda nake kallo.

Ya ce, "Shekara sittin ina ganin baƙi a ƙofar nan. Ban taɓa ganin wanda ya yi kuka don ya ga ruwanmu ba. Ni zan ɗauke shi."

Sunansa Zangi. Ya sauke sandarsa ya ɗora a tafin hannuna, ya ce da ƙarfi yadda masu tsaro za su ji, "Abin da ya yi wa ruwa, ni na yi." A hanya ya bayyana mini. Kowane gida a Wulmi sanda ɗaya ke gare shi, ta gado, kowane kaka ya yi mata zane guda kusa da mariƙi. Tasa tana da tara. In baƙo ya ɓata ruwa, sandar mai masaukinsa ake karyawa, kuma gidan da aka karya wa sanda ba ya sake taɓa tafki. Sai dai su hau tsauni su yi ta yankan ciyawa.

Na ce, "Baba, ai ka yi sa'ar baƙo." Ango yana motsi a kaina.

Kifinsu iri ɗaya ne tak. Jikinsa ɗigo-ɗigo kamar zabuwa, namansa ja-ja, daɗinsa kuwa ba na so in tuna. Zabon ruwa nake ce masa. Ba ya cin tana, ba ya cin hanjin kaza. Ƙwaro kawai yake cafkewa a saman ruwa. Saboda haka gashin tsuntsu suke ɗaura wa ƙugiya, su yi masa fukafukai, su kaɗa zare a iska sau uku sau huɗu, su sauke shi a hankali kamar ƙwaro ne ya gaji ya sauka. Biyu mutum yake kamawa a rana, na uku ya mayar.

Wata uku ina koyo. Na kama kunnena sau biyu. Na kama zanen wata mata da ta shanya. Na kama akuyar maƙwabcinmu, ita ce ma ta fi ba ni wahalar ja. Mata in sun zo ɗibar ruwa sai su ajiye tuluna su zauna, don kallona ya fi aikin daɗi. Wata a cikinsu ta ce, "Baƙon Zangi, yau wa za ka kama? Mu matsa ko mu zauna?" Zangi ba ya dariya. Ya kan gyara mini wuyan hannu ya ce, "Kana jifa kamar mai faɗa da ruwa, baƙona. Sallama za ka yi masa." Da yamma ya ba ni ɗaya daga cikin biyunsa.

Ni Mantau, a ce wani ke ciyar da ni kifi. Wannan shi ya tsaya mini a wuya.

Ango da Amarya suna cikin wata tsohuwar randa a ɗakina, sun yi girma har randar ta yi musu kaɗan. A bayan gidan Zangi akwai wani kududdufi, tsakaninsa da tafki taku hamsin. Na ce wa kaina, kududdufi ai ba tafki ba ne. In sun hayayyafa zan riƙa zuwa ina jan kifin da ya san ni na san shi, ko hannuna ya tuna cewa na masunci ne. Wata rana da tsakar rana, gari ya yi tsit kowa na hutawa, na ɗauki randar na juye.

Na san tarwaɗa tana jan ciki a kan jiƙaƙƙiyar ciyawa in an yi ruwa. Tun ina ɗan shekara biyar na sani. Ranar nan dai ban ga damar tunawa ba.

Damina ta zo ta wuce. Wata ta sake zuwa. A shekara ta biyu bakin tafki ya fara gurɓacewa. Tsakuwar da zabon ruwa ke zuba ƙwai a kanta ta cika da laka, don wani abu yana tonon ƙasa yana shanye ƙwan. Mai kama biyu ya koma kama ɗaya, mai ɗaya ya koma gida hannu banza. Sai ga wani ya jawo wani baƙin abu mai santsi, ba ɓawo, kai faffaɗa, gashin baki kamar na tsohon dogari. Ya kai hannu zai cire ƙugiya, abin ya soke shi, hannu ya kumbura kwana huɗu.

Aka kawo mini don na zaga duniya. Na ja da baya na riƙe baki. Na ce ruwa arba'in na gani ban ga wannan mummunar halitta ba. Na ce amma na ji ana cewa akwai kifin da hadari ke ɗaukowa ya zubar da shi tare da ruwan sama. Suka dubi sama. Na taya su dubawa.

Bayan kwana bakwai na ce na yi nazari, na gano dabara. Na sa hanjin kaza a ƙugiya, na ɗaura dutse, na nitsar ƙasa. Kafin rana ta yi tsaka na tara ashirin. Ranar nan matan da ke mini dariya suka yi guɗa. Na koya musu banda, na koya musu farfesu. Aka riƙa shimfiɗa mini tabarma a gaba. Zangi yana bina a baya yana ce wa mutane, "Baƙona ne. Ni na ɗauko shi a ƙofa." Kowa ya koma kamun baƙin kifi don a rage shi, kowa kuma hannunsa ya zama kamar an yi masa sakiya. Zangi ya fi kowa shan suka, don ya fi kowa naci. Ina gani. Na kan ce masa sannu.

Mai hukuncin ruwa a Wulmi wata tsohuwa ce da ake kira Uwar Tafki. Ba ta da yawan magana. Wata safiya ta tara gari a bakin ruwa, ta ce kowa ya miƙo hannuwansa. Ta bi layi tana juya tafin kowa tana dubawa. Da ta zo kaina ta daɗe. Ta duba gaba, ta duba baya, ta duba tsakanin yatsu. Fata sumul, don ina shafa mata man kaɗanya.

Ta ce, "Ɗan nesa, nawa ka kama?"

"Ranki ya daɗe, sun fi dubu."

"Ka ba mu labarin yadda ka gano dabarar."

An taɓa inda nake so. Na zauna na gyara riga, na fara. Ina tsakiyar bayani, na kai inda na yi mafarki da wani farin tsuntsu, sai ta sa hannu a ƙwarya ta wurgo mini wata ƙatuwa mai rai a cinya. Ban ko duba ba. Hannuna ya tafi da kansa. Tafi ya danne kan, yatsa biyu suka shige bayan ƙayoyin suka tokare su, babban yatsa ya kama ƙasan haɓa. Kifin ya yi laƙwas. Na ci gaba da zancen tsuntsu ina nuni da shi, har jimla uku, kafin na lura ba mai saurarona. Hannuna kowa ke kallo.

Ta ce, "Wannan riƙo ba a mafarki ake koyonsa ba. Wa ya koya maka?"

Na buɗe baki in ce tsuntsun ne. Abin da ya fito shi ne, "Kakata."

Ba wanda ya yi ihu. Da sun yi da na ji sauƙi. Na faɗi sauran, hula da tsumma da randa da kududdufi. Sannan na shiga neman ƙofa, don ban taɓa shiga ɗakin da ba ni da mafita ba. Na ce shekara biyu ta wuce baƙunci, na zama ɗan gari. Ta ce baƙo baƙo ne har ya fita ta inda ya shigo. Na ce a kududdufi na zuba ba a tafki ba. Ta ce da ƙafar wa suka zo kududdufin? Na ce ai ga shi kowa na ƙoshi, kifin ma ya fi nasu tsoka. Ta dube ni har na sunkuyar da kai.

Ta kira Zangi. Ya fito da sandarsa.

Ta ce, "Ɗan nesa, saura abu ɗaya da ba a faɗa maka ba, don ba mu taɓa bukatarsa ba. Baƙo yana iya sauke wa mai masaukinsa. In ka ɗora hannu a sandar nan ka ce, abin da na yi ni na yi, ba za a karya ta ba. Amma za ka zauna a nan kana kamun abin da ka kawo har ranar da ya ƙare, ko kai ka ƙare. Ba za ka sake ganin garinku ba."

Na san tarwaɗa ba ta ƙarewa. Mace ɗaya tana zuba ƙwan da ya fi mutanen Wulmi yawa. Na tuna Gungun Tsamiya, na tuna yadda zan shiga gari da labarin ruwa arba'in da ɗaya, wanda aka naɗa Sarkin Ruwa ya ji ya ƙone. Sandar tana gabana, taku biyu. Ina ganin zane taran nan, na ƙarshen bai ma gama yin baƙi ba.

Ta tambaye ni sau uku, tana barin lokaci a tsakani. Ni da na yi wa masu tsaro magana da kifi a kaina, ni da ban taɓa rasa ta cewa ba ko a gaban sarki, na tsaya ina kallon yatsun ƙafata.

Zangi bai jira a karɓa ba. Ya sa gwiwa ya karya ta da kansa. Itacen ya tsufa, bai yi wata ƙara ba.

Al'adarsu mai masauki ke raka baƙo har ƙofa, kuma bai fasa ba. Washegari da hantsi muka kama hanya, yana gaba ina baya. Matarsa ta ɗaure mini guzuri ba ta dube ni ba. Mun wuce 'ya'yansa maza biyu suna wasa lauje. Na shirya amsa goma don tambayar da na san zai yi, me ya sa na kawo su. Kowace amsa ta fi 'yar'uwarta kyau.

A bakin ƙofa ya tsaya, ya juyo.

Ya ce, "Baƙona, wanda ya kawo ya riga ya kawo. Mutum yana son abin garinsu, na gane wannan. Abu ɗaya ne ya hana ni sukuni." Ya buɗe tafukansa, duk tabo, wani ya warke wani yana ruwa. "Shekara guda kifin nan yana soke ni, muna ci a ƙwarya ɗaya, kana ganin hannun nan. Me ya hana ka nuna mini yadda ake riƙe shi?"

Ba ta cikin goman. Na ce, "Baba, da na nuna maka da ka gane."

Ya gyaɗa kai, kamar wanda aka faɗa wa farkon damina ya kusa. Ya ce, "To yanzu na gane. Nuna mini. Ni ba zan taɓa ruwa ba, amma masu taɓawa suna da hannu."

Ba kifi a wurin. Na naɗe hannun riga, na dunƙule hannuna ya zama kan, na buɗe babban yatsa da ƙarami suka zama ƙayoyi. Na ce ya danne nan, ya tura yatsa biyu nan, ya kama ƙasa. Ya yi ba daidai ba, na gyara masa. Ya sake. A karo na uku ya kama yadda ya kamata, ya matse. Tsohon yana da ƙarfi. Na gwada motsi na kasa, kuma na ce a raina in ya ja ni ya koma da ni ciki, ba zan yi gardama ba. Wallahi har so na yi ya ja.

Ya riƙe ni haka ɗan lokaci yana duban yatsunsa don ya haddace. Sannan ya saki, ya ce in sauka lafiya, ya juya.

To, jama'a, ga ƙarar da na kawo muku. Na so in tsaya tun a wurin guɗa da tabarma, bakina ne ya zarce. Ba hadari ya zubar da su ba, ba masu tsaro ne suka yi sakaci ba, ba tsohuwar ce ta yi tsanani ba. Ni na naɗe, ni na ɗauka, ni na juye, ni na yi shiru sau uku. Abin da na yi ni na yi. Ga shi na faɗa, a nan, inda faɗarsa ba ta ɗaura sandar kowa.